GUZURIN MATAFIYI: TAMBAYAR KILISHI A JIRGIN RUWA

 

Ranar Asabar da ta wuce, bayan mun tashi daga karatun da muke yi tsakanin Magariba da Isha'i a nan Gusau, wani dattijo ɗan kasuwa, mutumin Tsafe, ya tsaya yana jan ƙafa har jama'a suka watse. Na ɗauka maganar aure ce ko ta gado. Ashe maganar kilishi ce.

Ya ce, "Malam, ɗana da ke aiki Jidda ya biya muna Umara, ni da uwargida. Kuma ya ce in mun gama, ya yanka muna tikitin wani jirgin ruwa na shaƙatawa, kwana uku bisa Bahar Maliya. To ni cikina bai son abincin da bai sani ba, ga ciwon suga. Na sa a yi mani kilishi da dambun nama da ƙuli, sai yaron ya ce wai ba su barin a shiga da abincin gida. Nic ce mi za ya hana in naɗe shi cikin rawani da riguna, wa zai gani? Shi ne uwargida tac ce sai na tambayi Malam."

Na ce, "Alhaji, Allah Ya saka wa Hajiya da alheri, ta fi ka tsoron kwastan." Muka yi dariya. Na ba shi amsa a taƙaice a tsaye, amma da na koma gida na ga tambayar ta fi ƙarfin kilishi. Ta shafi maniyyatanmu gaba ɗaya, ta shafi mai zuwa Umara, ta shafi duk wanda ya taɓa ƙulle leda ya hau mota.

Da farko dai, Alhaji bai yi laifi ba da ya yi tunanin guzuri. Addini ne ya koya mana. Imamul Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas (RA) cewa akwai wasu mutanen Yaman da suke fitowa aikin Hajji hannu rabbana, ba sa ɗaukar komai, suna cewa su masu tawakkali ne. In sun iso Makka kuma sai su koma roƙon mutane. A kan haka aka saukar da umarnin yin guzuri da ke cikin aya ta 197 a Suratul Baƙara, sannan ayar ta nuna cewa tsoron Allah shi ne mafificin guzuri. Ku lura da kyau: ba a ce musu tunda taƙawa ta fi, su bar garinsu a gida ba. An haɗa musu biyun ne. Mutumin da ya fita ba shiri ya ɗora nauyinsa a kan abokan tafiya, ba ga Allah ya dogara ba, ga jakar mutane ya dogara.

Manzon Allah (SAW) da kansa, daren Hijira, ba a bar shi ya fita haka nan ba. A gidan Sayyidina Abubakar aka haɗa musu abinci, aka rasa abin ɗaure bakin jakar, Nana Asma'u (RA) ta tsaga ɗamararta biyu ta ɗaure da ita, sunan "mai ɗamara biyu" ya bi ta har ƙarshen rayuwarta. Ga kuma Annabi Musa (AS) a Suratul Kahfi, daga aya ta 60. Tafiyarsa zuwa mahaɗar tekuna biyu, shi da yaronsa Yusha'u ɗan Nun, da kifi a cikin kwando suka fita. Sai da gajiya ta kama shi ya nemi a kawo kalaci aka tuna kifi ya tsere cikin ruwa. Annabi ne, Allah Ya yi magana da shi, kuma ga shi da kwandon guzuri.

Mu nan ma ba baƙin al'amarin ba ne. Kakana na wajen uwa, mutumin ƙasar Bunguɗu, yana cikin waɗanda suka je Makka ta ƙasa. Hanyar sananniya ce: a bi ta Barno, a tsallaka Cadi ta Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, a wuce Abeshe, a shiga Sudan ta Jinaina, Fashir, Ubayyid, har bakin teku a Sawakin, nan ne za a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Ba tafiyar wata ɗaya ba ce, ta shekaru ce. Guzurin gida, gumba da hoce da ƙuli da daddawa, ko Barno ba ya kai mutum. Daga nan sai ƙarfinka ya zama guzurinka: ka tsaya ka yi ƙwadago, ka tsinci auduga a gonakin Jazira, ka tara na gaba. Wasu can suka zauna har yau, kamar jama'ar garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Abin da mahaifiyata ta riƙe daga labarin kakan nawa ba wahalar sahara ba ce. Ta ce ya ce ranar da suka hau jirgin ruwa kowa da ƙunshinsa da salkar ruwansa, domin jirgin ɗaukarka kawai zai yi, ciyar da kai ba ya cikin lissafi.

To a nan bambancin yake. Jirgin da ɗan Alhaji ya yanka wa iyayensa ba irin na Sawakin ba ne. Otal ne da ke tafiya a kan ruwa, mai ɗaukar dubban mutane, kuma kuɗin tikitin ya haɗa da ɗaki da abinci. Da can a Turai da Amurka muke jin labarinsu. Yanzu sun matso kusa, tun Disamba 2024 Saudiyya ma tana da nata, mai suna AROYA, yana tashi daga Jidda, ba giya a cikinsa ba gidan caca. Saboda haka irin wannan tambaya za ta yi ta zuwa.

Ƙa'idar da galibin kamfanonin nan suke bi kusan ɗaya ce. Abin taɓawa da yake a rufe daga masana'anta, wanda ba ya lalacewa, kamar biskit ko dabino ko gyaɗa ta cikin leda mai hatimi, sukan bari a shiga da shi daidai misali. Abin da aka dafa a gida, da nama, da ɗanyun 'ya'yan itace, wannan sukan hana. Haka risho da hita da duk wani abin girki a ɗaki. Kowane kamfani da nasa rubutun, shi ya sa na ce wa Alhaji ɗansa ya karanto masa takardar sharuɗɗan tun daga farko har ƙarshe.

Alhaji ya ce, "Ai don su sayar da nasu ne." Na ce wataƙila akwai wannan a ciki, ɗan kasuwa ya san ɗan kasuwa. Amma ba shi kaɗai ba ne. Mutum dubu uku a rufe a wuri ɗaya, a tsakiyar teku, in gudawa da amai suka ɓulla babu inda za a gudu. Jirgin kuma yana tsayawa a tashoshin ƙasashe daban-daban, kowace da dokarta kan shigo da nama da tsirrai saboda cututtukan dabbobi da ƙwari. Maganar wuta kuwa, duk wanda ya yi wayo a 1997 ya tuna gobarar Mina, wadda ta ci mutane sama da 300, kuma daga tukunyar gas ta girki ta tashi. Bayanta aka canja tantunan zuwa waɗanda wuta ba ta ci, aka tsananta hana shiga da gas. Mai kunna risho a ranar ba mugunta ya nufa ba. Abinci kawai yake so ya dafa irin wanda cikinsa ya saba.

Yanzu ga hukuncin. Tikiti yarjejeniya ce. A fiƙihu ijara ce, ka yi hayar wuri da hidima a kan sharuɗɗan da aka gindaya, ka karɓa. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika alƙawura, kuma akwai hadisi a wajen Abu Dawuda da Tirmizi da ke nuna cewa Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka ƙulla, sai fa sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. Wani zai ce, to ai shi ke nan, kilishi halal ne, sun haramta shi, sharaɗin ya faɗi. A'a, ba haka ake fahimtar hadisin ba. Ba su ce kilishi haramun ne ba. Cewa suka yi kada ka shigo da shi cikin jirginsu. Mai gidan haya da ya ce kada a ɗaure akuya a tsakar gida bai haramta akuya ba. In ba ka yarda ba, ka nemi wani gidan.

Sai batun ɓoyewa. Wanda ya naɗe nama cikin rawani ya riga ya shirya ƙarya tun daga gida, domin in an tambaye shi a ƙofa, "Akwai abinci a jakarka?" me zai ce? Kuma kayan nan ta cikin na'ura suke wucewa. Ku yi tunanin dattijo mai furfura, ya fito daga Umara, ko gashin da aka aske bai tsiro ba, a buɗe jakarsa gaban jama'a ana zaro kilishi daga cikin babbar riga. Ba a ce Alhaji wane ba. Cewa za a yi ɗan Najeriya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Amma ban bar shi haka ba, don uzurinsa na gaske ne. Mai ciwon suga ba ya wasa da lokacin cin abinci, in sugan ya faɗi ana iya rasa shi. Hanyar a buɗe take: ɗansa ya rubuta wa kamfanin tun kafin ranar tafiya, ya faɗi larurar, a haɗa da takardar likita. Kamfanonin nan suna da sashen da ke kula da masu buƙatar abinci na musamman. Abin da suka yarje masa a rubuce ya ɗauka, ya riƙe dabinonsa da biskit ɗinsa a aljihu, magungunansa a jakar hannu cikin kwalinsu na asali. Abin da za ka samu da tambaya, don me za ka sato shi?

Akwai wanda damuwarsa ba ciki ba ce, halal ce, musamman in jirgin na ƙasashen da ba na Musulmi ba ne. Wannan damuwa ce mai kyau, kuma Allah Ya yi mana sauƙi a daidai wurin da ake buƙata. Wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW), kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa daga Abu Huraira (RA), cewa suna hawa teku da ruwan sha kaɗan, in sun yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su, ko za su iya yi da ruwan teku? Aka ba shi amsar abin da ya tambaya, ruwan mai tsarkakewa ne, aka kuma ƙara masa da wanda bai tambaya ba, cewa mushen teku halal ne. Malamai suka ce an ƙara masa ne saboda wanda ruwa zai yanke wa, abinci ma zai iya yanke masa. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ita ma ta halatta farautar teku da abincinsa, har ta ambaci matafiya. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, dabbar ruwa ba ta buƙatar yanka, kifi ne ko jatan lande ko ƙaguwa. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi. Saboda haka in ka yi shakkar naman, ga kifi, ga ƙwai, ga shinkafa, ga burodi da ganye. Abu ɗaya za ka tambaya: an sa giya ko man alade a girkin? Masu girkin Turai sukan zuba giya a miya, har ta kifi. Tambaya ba ƙauyanci ba ce.

Shi kansa zuwa yawon, tunda na san za a tambaya: asalinsa halal ne in babu saɓo a inda za ka zauna, kuma sallarka ba za ta tozarta ba. Ni dai in kuɗina ne, a halin da ƙauyukanmu suke ciki, da mutanen da suka baro gidajensu suna kwana a kangaye a cikin Gusau, akwai inda zan fara kai su. Amma ɗa ya so ya faranta wa iyayensa da suka tsufa suna wahala a kansa, ba ni zan ɓata masa ba.

Bari in juyo kanmu, mu da ba mu da ɗa a Jidda. Abin da Alhaji ya so yi da kilishi, shi muke yi da goro kowace shekara. Saudiyya ta hana shiga da goro. Hukumar Alhazai ta ƙasa, NAHCON, tana faɗa, malaman bita suna faɗa, amma sai ka ga an daka shi an cuɗa da yaji, ko an tura shi cikin ƙullin garin kunu. Shekarar da na raka maniyyata, muna cikin motar da ta ɗauko mu daga Gusau za ta kai mu filin jirgi a Sakkwato, mun wuce Bunguɗu ke nan, wata tsohuwa ta jawo ni gefe ta ce, "Malam, ɗana, goro ashirin na ɗinke cikin matashin kai. In ban ci ba kaina sarewa yakai." Na ce, "Inna, kin sayar da shanu kin biya kujera, yanzu goro ashirin za ki bari ya tsaya tsakaninki da Ka'aba?" Ta yi shiru har Talatar Mafara. Can ta farke ɗinkin da kanta ta rabar a mota. Kwana uku ta yi tana ciwon kai a Madina, ranar na huɗu ta ce ta manta da shi.

Wanda ya fi goro haɗari shi ne saƙo. "Don Allah ga ɗan yaji ki kai wa ɗiyata a Makka." Ƙulli a ɗaure, ba ki ga cikinsa ba. Kada ki karɓa, ko wace ce. In kunya ta hana ki ƙi, a kwance shi gabanki ki gani da idonki. Ba mu manta ɗalibar nan da ta tashi daga Kano zuwa Umara ba, aka kama ta a Madina a Disamba 2018 saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Sai ƙarshen Afrilu 2019 aka sako ta, bayan an gano masu laifin a gida. Ita ko karɓar jakar ba ta yi ba ta sha wannan. Ina ga wanda ya karɓa da hannunsa? Hukuncin safarar ƙwaya a can kisa ne.

Akwai kuma wani guzurin da ba daga gida ake zuwa da shi ba, a can ake haɗa shi. Ina nufin wurin cin abinci irin na ɗibi-da-kanka, a jirgi ko a otal. An ce ka ci ka ƙoshi, ba a ce ka cika leda ba. Abincin an halatta maka cinsa ne, ba a mallaka maka shi ba, kamar dai baƙon da aka ajiye wa akushi. In al'adar wurin ta yarda ka ɗauki tuffa ɗaya ko burodi zuwa ɗaki, ko ka tambaya aka ce ɗauka, babu komai. Amma ka zo da kula a ɓoye cikin hijabi ki juye kaji, wannan ba ya cikin abin da kika biya. Haka wanda zai tula faranti ya ci kashi ɗaya cikin uku a zubar da saura. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta haɗa izinin ci da sha da hana ɓarna a wuri guda, kuma ba ta ware wanda ya riga ya biya ba.

Ladabin guzurin da na fi so, wanda kuma na ga yana ɓacewa, shi ne tarayya. Bukhari ya buɗe littafin tarayya a cikin Sahihinsa da babin abin da Larabawa ke kira nahdu, wato abokan tafiya kowa ya fito da nasa a haɗa a ci tare, ko da wani ya fi wani ci. A nan ya kawo labarin Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa (RA): in abinci ya yi musu ƙaranci a wurin yaƙi ko a gida, sai su tara ɗan abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai da mudu ɗaya, har Manzon Allah (SAW) ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Ya kuma kawo labarin Jabir (RA) a rundunar Abu Ubaida, mutum 300 a gefen teku. Guzuri ya ƙare, Abu Ubaida ya sa aka tattaro na kowa, yana ba su kaɗan-kaɗan har ta kai dabino ɗaya a yini. Aka tambayi Jabir, me dabino ɗaya zai yi wa mutum? Ya ce sai da ya ƙare suka san amfaninsa. Daga baya teku ta jefo musu wani kifi kamar tsauni, suka yi kwana 18 suna ci.

Ba sai mun je teku za mu gwada wannan ba. Duk mai bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta Tsafe a shekarun nan ya san akwai ranar da za a ce a dakata, hanya ba kyau, motoci su yi layi ba wanda ya san yaushe za a tashi. A irin wannan ranar na ga mai goyo da yaro yana kuka, na kusa da ita kuma ya juya fuska ga taga yana cin biskit a ɓoye. Na kuma ga wata rana wani bafulatani ya kwance ƙunshin hoce ya gutsuttsura wa mota guda, har direba. Shi ya sa nake ce wa iyalina ko Kwatarkwashi za su, su saka ruwa da ɗan abin taɓawa a jaka, kuma su ƙara na mutum ɗaya.

Da na gama yi wa Alhaji bayani ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "To Malam, kilishin ga fa an riga an yi shi, kuɗi sun fita." Na ce ya ci a hanya kafin filin jirgi, ya ba na kusa da shi, kuma ya tuna da gishirin da ke ciki tunda ba yaro ba ne.

Jiya da hantsi sai ga wani yaro a babur daga Tsafe da ƙunshi cikin takarda. Wai in ji Alhaji, tunda Malam ya hana shi shiga jirgi, Malam ya san yadda zai yi da shi. Ɗalibai goma sha ɗaya ne a zaure lokacin, ko tsinke ba su rage mani ba. Ya kuma aiko da wata tambayar, yadda ake fuskantar alƙibla in jirgin ruwa yana juyawa ana cikin salla. Wannan sai karatu na gaba in sha Allahu.